Na kai jikana da goro, yanzu zai tafi ba a yaye shi ba

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Adimin, a ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, murya na aiko anka rubuta, to a bar ta yadda na faɗa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ban da rashin kunya, na haifi mafi yawanku.

Ni tsohuwa ce a Gidan Dahala nan Sakkwato, gidanmu na dukawa ne. Ina da jika, Bashiru, ni na riƙe shi tun rasuwar uwarsa. Da ya gama sakandare sai zaman bakin titi da latsa waya, abin ya ishe ni. Sai na ji labarin wani Malam Nura a Minanata, mai koya wa matasa rubuta manhaja, wato abin nan da ke sa waya da kwamfuta su yi aiki. Wai aikin ya yi yawa, masu yin ne babu, kamfanoni har roƙo suke. Na ɗauki mayafina, na sayi goro, na tasa Bashiru gaba. Na ce wa Malam ga shi na ba ka, ba zai bar hannunka ba sai ka yaye shi da bakinka, kuma sai ya koya wa na bayansa. Malam ya karɓi goron gaban mutane. A wurinmu magana ta ƙare ke nan.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ina yarinya, gab da Turawa za su tafi, haka anka yi ta neman akawu ana cewa babu mutane. Yayana yana hannun wani baduku, ya ajiye basilla ya tafi koyon tafireta ba sallama. Babanmu ya bi shi ya maido shi, ya zauna sai da maigidansa ya sa masa albarka, sannan ya tafi, kuma ya ga amfaninta.

Bashiru ya yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Nakan faɗa musu ba sanarwa, ban san mi ke kan allon ba amma na san fuskar mai aiki da ta mai wasa. To yanzu wai wani kamfani a Legas ya ɗauke shi. Na ce sai Malam ya sallame ka. Ya ce goro ba yarjejeniya ba ne, ba wanda ya sa hannu, kuma waɗanda sunka riga shi iyawa duk sun tafi. Wai zai riƙa koyarwa ta waya daga can. Na ce na san wayar Legas, farko kullum, daga baya sai da salla. Munka yi ta yi har maƙwabta sunka shigo.

Na je wurin Malam da kaina. Na tarar da shi shi kaɗai, yara maza da mata sun yi cincirindo kan kwamfutoci, wannan na kira wancan na kira, ko zama bai samu ba. Ya ce, "Inna, ba ni da ikon riƙe shi. Duk wanda ya iya tafiya yake, ni kuma in koma farko." Na ce ba wannan na tambaye ka ba, ka yaye shi? Sai ya ce da ma ya so ya danƙa wa Bashiru sabon aji bayan salla. Kun ga bai sallame shi ba, gajiya kawai ya yi.

Yanzu jakar yaron na ɗaure a bakin ƙofa. Kowace safiya sai ya durƙusa ya ce ba zai tafi ba sai na sa albarka, amma kamfanin ba zai jira ba. In na hana, ina tsoron ya rasa aikin ya koma bakin titi yana kallona da shi har in mutu. In na sa, na karya maganar da na yi gaban mutane da furfurata.

Mi zan yi, jama'a? Ga shi maƙwabciyata ta riga ta sayo goro, wai in raka ɗiyarta wurin Malam tunda ni maganata ba ta tashi. Har yau ban ba ta amsa ba.