Hatimin Gidan Waya

Daren Talata, tsakiyar Afrilu

Takardun harajina sun tafi ta gidan waya. Da safe na tura ta intanet aka ƙi karɓa, domin 'yata Safiya ta riga ta cike nata a jami'a, ni kuma na sa sunanta cikin nawa a matsayin wadda nake ɗauke da nauyinta. Yau wa'adi ke cika, mai latti sai tara.

Malam Isuhu direba, wanda kullum nake tsokana kan aika wasiƙa a cikin ambulan, shi ya kai ni, kuma bai rama ba. Ya ce, "Likita, kwantar da hankalinka. Ranar hatimi suke dubawa, ba ranar isa ba." Da kansa ya bi shafukan, ya gano inda ban sa hannu ba. Natsuwar mutumin nan ta burge ni.

Lambar rasit ba ta nuna sun isa ba tukuna.