Ayabar da Ta Shiga Tsakanina da Baffanki

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kuma karatun kimiyya yana shiga kai. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwata da ke ƙara kamar ƙofar da ta shekara ba mai. Innarki tana gaishe ki.

Na gina sabon sito a bayan shago. Ba taga, ba ko hudar allura, don ɓarayi su san da injiniya suke yi. Ranar da na zuba kaya, nunanniyar ayaba a tsakiya, ɗanyen mangwaro da gwanda kewaye da ita, Baffanki ya tsallako daga shagon ɗinkinsa ya leƙa. Ya yaba kayan sosai, amma ban ji ya ce Masha Allah ba.

Cikin kwana huɗu, mangwaron da na ajiye don mako biyu ya nuna, ya yi luguf, ya fara ruɓa. Na sake zubawa, haka aka sake yi. Sai na tsaya a tsakiyar layi, gaban jama'a, na ce bakinsa ne ya ci mini kaya.

Yau wata guda ba ma gaisawa. Uwa ɗaya, uba ɗaya, shago na kallon shago. Jiya na ga ya manna takarda a ƙofarsa, zai sayar da shagon ya bar layin. Ban faɗa wa kowa ba, amma abin ya dame ni ƙwarai.

Ki kula da kanki.

Babanki,
Mai Ayaba

Zuwa ga Uwata, malamar babanta,

Ina gaisuwa, ya jikin naki da murar da kika ce? Wasiƙarki ta iso. Sau uku na karanta ta, kin san injiniyan naku a aji huɗu ya sauka.

Kin ce ayaba in ta nuna tana fitar da wani numfashi da ido ba ya gani, wanda ya shaƙa cikin 'yan'uwanta sai ya nuna, shi ma ya fara fitarwa. A tsohuwar rumfata iska ke kwashe shi, ni kuma na toshe masa hanya da siminti. Sunan numfashin dai na bar miki, ya fi ƙarfin harshena.

Ban yarda ba, sai na gwada. Kwano biyu masu murfi: ɗaya ɗanyen mangwaro shi kaɗai, ɗaya na haɗa shi da ayaba. Da safiyar rana ta uku na buɗe. Na kaɗaicin yana nan kamar dutse. Ɗayan ya yi laushi, ƙamshi ya bugi hancina.

Uwata, zama na yi a ƙasa. Shekara talatin ina jera waɗannan abubuwa a faranti, ashe magana suke yi da juna a gabana, ba baki ba murya, wannan na ce wa wancan lokaci ya yi. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya shirya haka. Innarki kuwa cewa ta yi ita tun tana amarya take nuna gwanda da ayaba, ba wanda ya tambaye ta ne.

Na ɗauki kwanukan na tsallaka titi. Baffanki yana taka keken ɗinki, bai ɗago ba. Na yi masa bayanin kimiyya iya abin da aji huɗu ya ba ni, na ce ya yafe mini. Ya tambaya ko ita ma ayabar zan fita layi in yi mata tijara. Sannan ya shanye nunannen, ya miƙo mini ɗanyen, ya ce wannan ni ne, in riƙa zama kusa da shi ko Allah zai sa in nuna.

Ya cire takardar. Gobe zai zo da guduma mu fasa wa siton taga.

Yau kwana uku ina zama a bencinsa. Ɗazu Innarki ta latsa kumatuna ta ce da saura.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Injiniya mai ritaya