Gawar Laminu Ta Iso Maijirgi

Laminu ƙanena,

Sallama irin wadda muka saba. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma Inna ba ta iya jin sunanka ba tare da kuka ba, kuma babu wanda nake son yi wa maganar a gidan nan in ba kai ba.

Gero ya yi kyau bana. Akuyar Inna ta haifi tagwaye. Ɗiyata Nana ta shiga lakwal, makarantar boko, tana ta tambaya yaushe kawunta na Faransa zai zo da takalmin da ya ce. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Ka tuna labaran da kake ba ni a waya? Ka ce can mutum zai zauna gaban abinci ya fara ci babu bisimilla. Ka ce kun wuce wata majami'a da aka mai da wurin saida littattafai. Ka ce tambayar mutum addininsa rashin kunya ne a wurinsu, kuma matar da kake wa aiki a gidan abinci ta gaya maka ba ta yarda akwai Allah ba, da irin muryar da ake cewa ba a shan nono. Ina dariya lokacin, amma tsoro nake ji kada ka zama kamarsu. Ban taɓa gaya maka ba.

Har yanzu raina yana tashi in na tuna yadda aka same ka. Ka faɗi a ɗakinka, maƙwabcinka yana wucewa ta ƙofar safe da yamma, bai ƙwanƙwasa ba, wai ba a shiga sha'anin mutum. Wace irin rayuwa ce wannan, Laminu? Ko kaza ce ba a gani ba a gidanmu ai sai an leƙa akurki.

Amma matar nan ce ta sa aka ɓalle ƙofar da ba ka zo aiki ba. Ita ta nemo Musulmin garin suka yi maka wanka. Ta kira ni, na haɗa da ɗan Faransancina na lakwal, tana kuka tana tambaya me addininmu yake so a yi. Ashe da azumi takan ɗaga hutunka na wurin aiki zuwa faɗuwar rana. Ita ta tsaya kan takardu har jirgi ya sauke ka Yamai, mota ta kawo ka gida.

A nan abin ƙyamar ya fara. Gawarka tana zaure, Kawu Sale ya miƙe gaban mutane ya ce shi ba zai sallace ka ba, wai kofunan giya kake wankewa, wai wa ya san ko kana salla. Inna tana bayan zana tana ji. Kawun da ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka! Ya taɓa kiranka ya ji ko ka ci abinci, ko sanyi ya kama ka? Maza suka yi cirko-cirko cikin rana suna kallon juna, har tsohon limamin unguwarmu ya sa aka kama masa hannu ya shiga gaba, ya ta da kabbara. Mijina ya ce wasu sun bi, wasu sun koma gindin itacen bedi.

Ranar sadaka kuwa, da aka ce manya za su zo gaisuwa daga Tasawa, sai ga Kawu da babbar riga, ya zauna kan tabarmar gaba. Shi ya ja addu'a, da ƙarfi, har da share ido. Ni na dafa tuwon da ya ci. Da aka mayo da kwanon, na kasa taɓa shi, sai wata na roƙa ta wanke. Tun ranar ban gaishe shi ba, kuma ka san abin da wannan yake nufi a gidanmu.

Jiya matarsa ta zo da shawara, wai in kira Baturiyar in tambaye ta ko ta taɓa ganin ka kana salla, don a rufe bakin mutane. Wato shaidar wadda suke kira kafira ita za ta wanke ka a wurinsu? Na ce ba zan kira ba. Ban sani ba, Laminu. Ban san me ke tsakaninka da Ubangijinka a ɗakin nan ba, kuma ba Kawu za ka yi wa bayani ba.

Ka huta, ƙanena. Allah Ya yi maka rahama, Ya sa ƙasar Maijirgi ta yi maka sanyi.

Yayarka da ta goya ka,
Rakiya