Man Kaɗe a Kaskon Zinari

Bakin rafi, bayan Kwali,
Litinin, 4 ga Nuwamba.

Zuwa ga matata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Kauthar da Gwaggo Halimat da ta ba ku masauki a Gudu. Tunda kin toshe lambata a waya, ban ga wata hanya ba sai takarda. Wanda zai miƙo miki ita Bappayo ne, direban da ke kai doya kasuwar Gudu duk Laraba. Don Allah ki karanta kafin ki kunna risho da ita.

Na san abin da na yi. Hukumar da nake wa aiki ba ta sabunta kwantiragina ba, ni kuma na kasa faɗa miki. Wata huɗu ina saka rigar da kika goge, ina bin layin bas a Kubwa tare da ma'aikata, in je in zauna a wani masallaci kusa da Sakatariya har la'asar, in dawo ina miki kukan gajiyar ofis. Da kika ji gaskiya a bakin wasu kika ɗauki Kauthar kika tafi, ban ga laifinki ba. Yau wata biyu ke nan, gidan ya yi mini girma, na kulle shi na taho nan.

Kada ki yi dariya: wankin zinari nake koyo. Akwai wata ƙungiya mai rajista da ke aiki a wannan rafin, shugabarsu wata dattijuwa ce Bagwariya, Madam Christina. Ta dubi takalmina ta dubi hannuna, ta ce, "Oga, wannan hannu biro ne ya sani. Zan ba ka wata ɗaya. In bai iya ba, ka ba wani wuri."

Aikin a baki ba wuya. Za ka cika faffaɗan kaskon ƙarfe da yashin gindin rafi, ka nutsa shi a ruwa, ka murje ƙasar da hannu, ka tsince manyan tsakuwa. Sai ka yi ta girgiza shi don mai nauyi ya sauka ƙasa, ka ɗan karkata bakinsa ruwa ya tafi da na saman. Ka yi ta yi har ya rage baƙin yashi kamar cikin cokali. In akwai rabo, a ƙarƙashinsa zinarin yake kwance.

Ranar farko na cika 'yar kwalba da wani abu mai ƙyalli, na kai mata ina ta washe baki. Ta lakato shi ta murza, ya narke a yatsanta kamar hoda. Ta ce, "Wannan ko kaza ba ya ci." Ashe ƙyalƙyalin dutse ne kawai. Mutanen rafi suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Tun daga ranar ban samu ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce ina jijjiga kasko kamar mai faɗa da shi, komai yana zubewa tare.

Hannuwana duk sun tsage saboda ruwa da tsakuwa. Ban faɗa don ki ji tausayina ba. To, wataƙila kaɗan.

Ki shafa mini kan Kauthar, ki gaishe da Gwaggo da kyau. Ina kewarku ƙwarai.

Mijinki,
Lukmanu.

*

Gudu,
Laraba, 6 ga Nuwamba.

Malam Lukmanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina rubuta wannan a rumfar Gwaggo kafin Bappayo ya gama sauke doya, don haka ba zan ja ba.

Har yanzu ba ka gane ba. Ba don aiki ya ƙare na tafi ba. Aiki yana ƙare wa kowa a garin nan, rabin layinmu a Kubwa an taɓa sallamar su. A gidan suna, gaban mata sun fi ashirin, Rumasa'u matar abokin aikinka ta kama hannuna tana mini jaje, ni kuwa ina tambayarta wa ya rasu. Wata huɗu ina zuba wa rigunanka sitaci don ka je ka zauna a tabarmar masallaci. Ka mai da ni 'yar kallo a cikin gidana. Abin da ya kore ni ke nan, kuma shi zai hana ni dawowa muddin ban tabbata ka daina ba.

Sai kuma maganar kaskonka. Na karanta sau biyu, na ce ikon Allah, ai wannan rege ne! Abin da nake yi wa shinkafa 'yar gida duk ranar duniya a tsakar gida, kana tsallake ni kana cewa me ya sa ba zan sayi 'yar waje in huta ba. Bambancin kawai, ni na saman nake so, in zubar da tsakuwar da ta kwanta a ƙasa, kai kuwa na ƙasan kake so. Shekara shida ana yi a gabanka kyauta ba ka duba ba, sai da ka je bayan Kwali.

To ka ji. Ba da kafaɗa ake yi ba, da wuyan hannu ne. Ka saki gwiwar hannunka. Ka girgiza a kwance tukuna, hagu da dama, har ka ji nauyin ya zauna a gindi, sannan ka karkata. Ba kai za ka zubar ba, ka bar ruwa ya lasa saman ya tafi da abin da zai iya ɗauka. Duk karkatawa biyu ka koma ka girgiza. In ka ji kana sauri, ka tsaya.

Ga man kaɗe nan a gwangwani. Gwaggo ce ta ce a saka, kada ka ɗauka wani abu ne.

Kauthar ta ce in tambaye ka ko akwai kada a rafin.

Sa'adiya.

*

Bakin rafi,
Talata, 19 ga Nuwamba.

Sa'adiya,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri makon jiya ban rubuto ba, ayyuka ne suka yi yawa.

Saƙo ya iso, na gode ƙwarai. Man ya yi amfani sosai, hannu ya yi laushi. Shawararki ma ta yi amfani. Komai lafiya a nan, aiki yana tafiya yadda ake so, ana samun ci gaba, alhamdu lillahi.

Ki ce wa Kauthar babu kada, sai kwaɗi. A gaishe da Gwaggo.

Naki,
Lukmanu.

*

Gudu,
Laraba, 20 ga Nuwamba.

Malam Lukmanu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na kuma gane ta tun kafin in kai ƙarshe. Irin wannan "komai lafiya" na sha ta wata huɗu, kullum da yamma, tare da jakar ofis da babu komai a ciki. "Ana samun ci gaba." Rahoto kake rubuta wa darakta?

Wasiƙarka ta farko, wadda aka yi maka dariya a ciki, na ajiye ta a ƙarƙashin filo. Zan faɗa maka gaskiya tunda ni ina iyawa: na yi kuka da na karanta ta, don na ɗauka mijina ya fara magana da ni. Wannan kuwa ko warin rafi babu a jikinta.

Ban tambayi Bappayo komai ba, kuma ba zan tambaya ba. Na gaji da jin labarinka a bakin mutane.

Kawuna zai zo daga Kaduna ranar ɗaya ga wata, shi da Gwaggo za su zauna a kan maganarmu. Ya ce in faɗi abin da nake so, shi zai tsaya a kai. Har jiya ban san me zan ce ba. In irin wannan takardar ce za ta sake zuwa, ka huta da ɓata biro, na san amsata.

Sa'adiya.

*

Bakin rafi,
Talata, 26 ga Nuwamba.

Maman Kauthar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggo da yarinya. Kin yi gaskiya, ƙarya na rubuta. Ga yadda aka yi, ba ragi.

Regenki ya yi aiki tun ranar farko. Na saki gwiwar hannu kamar yadda kika ce, sai na ji abin da kike nufi, nauyin nan yana taruwa a gindin kasko kamar tuwo ya fara kama tukunya. Madam Christina ta tsaya a kaina ta ce, "Wa ya koya maka?" Na ce matata. Ta ce, "Shi ne ya kamata ya zo, kai ka zauna gida."

Amma zinari ko ƙyas. Na kusa da ni yana ɗiba daga rami ɗaya da ni yana samu, ni in wanke har baƙin yashi in tarar wayam. Kwana goma sha ɗaya a haka. Na canja wuri, na canja kasko, na yi addu'o'in da na sani. Har aka fara cewa ogan ofis da baƙin jini ya zo, wasu suka daina wanki kusa da ni. Watan da aka ba ni kuma yana ta ƙarewa.

Ranar Litinin ta makon jiya Madam ta zo ta tsuguna gabana, ta kalle ni har na wanke kasko uku. Can sai ta cafke hannuna ta kai hancinta. Ta ce, "Oga! Mene ne wannan?" Na ce man kaɗe ne, kullum da safe nake shafawa kafin in shiga ruwa, saboda tsagewa. Ta ɗora hannu a ka.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbarta, ta zuba ɗan garin zinarinta a kaskona, ta ɗebi ruwa kaɗan ta juya. Sa'adiya, da idona na gan shi yana yawo a saman ruwa kamar garin barkono a kan miya. Zinarin rafin nan gari ne mai laushi, in maiƙo ya taɓa shi ba ya nutsewa, sai ya taso ya bi ruwa. Wato kwana goma sha ɗaya ina wanke shi da kyau, ina sallamar sa da hannuna. Duk wanda ya tashi a bakin rafi ya san ba a kusantar kasko da mai, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin faɗa mini. Sai ɗan ofis mai tsoron kaushi.

Washegari na zauna rubuta miki. Wallahi na fara da gaskiya, na yaga. Gwangwanin nan shi ne abu na farko da ya fito daga hannunki zuwa nawa cikin wata biyu. Kin ce Gwaggo ce, amma na ga ƙullin ledar, na san ƙullinki. Ta yaya zan ce miki shi ne ya zubar mini da aikin kwana goma sha ɗaya? Na ce bari in rufe, kada ranki ya ɓaci. Sai da amsarki ta zo na ga abin da na yi. Ranar da aka ba ni takardar sallama ma haka na ce wa kaina a cikin bas: bari in rufe, kada ranta ya ɓaci. Ina ce tausayinki nake ji, ashe fuskata nake karewa. Na ji kunya ƙwarai, har yanzu ina ji.

Laifin ba na man ba ne, ba kuma naki ba. Ni na shafa shi a lokacin da bai dace ba.

Madam ta sa na dirje hannu da toka har ya yi ja, ta ɗora kaskon a wuta ya ƙone maiƙon. Ranar Alhamis na ga ƙwayata ta farko, a gefen baƙin yashi, ta ƙi motsi duk yadda ruwa ya bi ta kanta. Ba ta ƙyalli irin na waccan hodar, launinta a kwance yake. Na zauna a cikin ruwa da wandona ina kallonta. Zuwa yau sun zama bakwai, kowacce ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Madam ta ce in zauna, wurin nawa ne.

Kada in sake yi miki ado: wannan ba arziki ba ne. Ban san ko aikin zai riƙe gida ba, ina dai ci gaba da neman wani a gari. Hannuna ya sake tsagewa, ya fi da. Na rame. Ina tsoron zuwan Kawu.

Ƙwayoyin bakwai suna cikin ƙaramar takardar da na naɗe a tsakiyar wannan. Ki buɗe a hankali, nesa da fanka. Duk abin da kika faɗa wa Kawu, naki ne.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Lukmanu.

*

Gudu,
Laraba, 27 ga Nuwamba.

Abban Kauthar,

Wa alaikumus salam. Na buɗe. Shida na gani, Kauthar ta yi atishawa.

Ƙullina ne. Gwaggo ba ta ma san na aika ba, ka ga ni ma ina da tawa.

Na kira Kawu na ce ya huta da hawa mota. Na buɗe lambarka, amma kada ka daina rubutowa, ka fi faɗin gaskiya a takarda.

Kada ka sake taɓa gwangwanin nan. Ranar Juma'a ka biyo kowace mota ka zo Gudu da shi, da makullin gida, da hannun naka yadda yake. Ni zan shafa.

Matarka,
Sa'adiya.