Babur ɗin Baba Ya Lotsa

Calumet, Michigan
Ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Charlene da yara, kuma ranar Arizona ba ta gama gasa maka ƙwaƙwalwa ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da tsarewarsa. Mu nan mun gode Allah. Ciwon bayan mijina Gordon ya yi sauƙi, har ya koma saran itace. Dusar ƙanƙara ta sauka, tafki ya fara daskarewa daga gefe. Mama tana ci tana sha, amma a kanta nake rubuto maka, tunda ka mai da kiran wayata kukan sauro.

"Yaya Verna, ki bar mini babur ɗin ƙanƙarar Baba, ni zan ɗaga bayansa a kan kututture kafin in hau jirgi." Maganarka ce, a ƙofar coci, ranar da muka binne shi, lokacin ƙanƙara ta fara narkewa. Kai ya bar wa babur ɗin, kuma ka san dokarsa tun kana yaro: idan ƙanƙara ta narke, a ɗaga bayan, bel ɗin da yake tafiya a kai maimakon taya ya rataya, sifirin ya huta har hunturu ya dawo. Alkawari kaya ne, Wendell. Da na buɗe garejin gidan Mama a farkon watan nan, sai na tarar da shi a ƙasa, bayansa ya lotsa kamar tsohon doki.

Ban tsorata ba, haushi na ji. Na ɗauko littafin gyaransa na karanta daga bango zuwa bango, na kira maƙwabcinmu Clyde Maki. Da ya gani sai ya tambaye ni ko ni ce nake hawa a ɓoye, don wai nisu, burodin zaƙin nan da nake gasawa, ya fara nunawa a jikina. Na ce masa ya duba tumbinsa tukuna. Muka ɗaga bayan muka saki, ya koma ƙasa ya zauna. Muka murɗa abin ɗaure sifirin har ƙarshe, a banza. Shokazobar baya tana yoyon mai, muka canza. Sandunan da hannun baya ke juyawa a kansu sun bushe sun cije, muka ɗura musu giris. A ƙarshe muka sa sababbin sifirin. Babur ya miƙe tsaf. Na hau na sauka, ya dawo daidai. Na ja layi da alli a bango, daidai tsayin ƙarfen bayansa, muka rufe ƙofa.

Washegari ya sauko ƙasa da layin.

Ka tuna gurzar nan a jikin katakon ƙofar gareji, inda ƙarfen baya yake gogawa duk lokacin da Baba ya fita a kai? Ka san girman jikin Baba, shi kaɗai yake danne babur har can. To a daidai wannan gurzar ya tsaya, ba kowa a kansa. Kuma ya ɗan karkata hagu, yadda Baba yake zama saboda ƙugunsa. Clyde ya sake kwance komai bai ga aibu ba. Ya ce ƙila sanyi ne, ƙila an sayar mana da sifirin marar kyau. Amma bai ƙara yi mini ba'a ba, kuma da zai fita, da baya ya fita.

Ni rabin rayuwata a ɗakin karatu na yi ta. Na karanta labaran fatalwa sun fi gashin da ya rage a kanka, na kuma san mutane ne suke ƙirƙiro su don sun kasa cewa sai wata rana. Ƙarfe idan ya gaji ya gaji, shi ke nan. Sai dai Mama ba ta karanta littafin gyara ba. Kullum da safe tana kai gahawa kofi biyu gareji, ta ajiye ɗaya a kan murfin injin, ta tsaya cikin wannan sanyi tana ba wa kujerar babur labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Na yi mata bayanin sifirin har muryata ta dushe. Ta dube ni kamar ni ce mai ruɗewa, ta ce: "Wendell ya ɗaga shi, da bakinsa ya faɗa mini. Yarona ba ya ƙarya. To wa ya sauke shi?"

Ka ga inda ƙaryarka ta kai mu. Ka faɗa mata don ka huta da tambaya, ita kuwa ta gina gida a kai. Yanzu cewa take Baba yana jira ne tafki ya gama daskarewa, ya kai ta bukkarsu ta kamun kifi a kan ƙanƙara kamar kowace shekara. Na ɓoye makulli. Jiya da rana na same ta sanye da rigar sanyinta da hular kwano, zaune a can ƙarshen kujera, ta bar wurin mutum ɗaya a gabanta, hannuwanta a miƙe kamar ta riƙe ƙugun wani. Wani makulli na biyu yana jikin babur, wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Da na tambaye ta inda ta samo, sai ta ce ai Baba ya san inda yake ajiye kayansa. Mama ta iya tuƙi tun kafin a haife ka, kuma daga ƙofar gareji zuwa bakin ruwa gangara ce kawai. Ƙanƙarar da ke kan tafkin nan yanzu ko kare ba za ta ɗauka ba.

Na cire fulogin injin na sa a jakata, amma ba zan iya cire abin da ke kanta ba. Kai kaɗai za ka iya. Ni nake wanke mata kai, nake kai ta asibiti, amma maganarka ce take shiga kunnenta. Ka zo ka zauna gabanta ka ce mata ba ka ɗaga ba, lalaci ne ya lotsa babur, ba mijinta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu ɗaya zan ƙara. Kututturen ba ya kusurwar da Baba yake ajiye shi. A kwance na same shi a bayan babur, kamar an ture. Na zaɓi in yarda cewa ka jawo shi ne, sai wayarka ta yi ƙara, ka manta. Wannan ya yi kama da kai, kuma da shi nake samun barci.

Ka gaishe mini da Charlene, ka shafa kan Brynn da Otto. Gordon yana gaishe ka. Na ba ka zuwa Lahadin farko ta Disamba. Idan ba ka zo ba, ranar Litinin zan ɗora babur ɗin da ka gada a tirelar Clyde in kai wa masu yanka ƙarafa, in tsaya har sai sun gama, sannan in kwaso Mama ta dawo gidana ko tana kuka, kuma zan gaya mata saboda wa. Idan kuwa da gaske ka ɗaga shi, kada ka rubuto mini. Ka hau jirgin gobe.

Yayarka,
Verna