Ƙorafi kan Masu Zaman Shiru da Suka Ɗauke Mini Mata Ranar Asabar

Reijo Kettunen,
Gida mai lamba B 14,
Rukunin Gidaje na Koivurinne,
Kuopio.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Uwargida Marjut Rautiainen,
Manajar Rukunin Gidaje na Koivurinne.

Ranki ya daɗe,

Game da: Neman a tantance ko zaman shirun da ake yi a ɗakin taronmu addini ne, ko ƙungiyar asiri, ko kuwa motsa jiki kamar yadda aka rubuta

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mai suna a sama, tsohon ma'aikacin gidan waya, mazaunin wannan rukuni tun 1993. A tsawon wannan zama ban taɓa kai ƙorafi ofishinku ba, ko lokacin da aka fente matakala da ruwan ɗorawa haɗiyewa na yi. Yau kam ta kawo mini iya wuya, don haka nake gabatar da abubuwa kamar haka:

1. Kamar yadda jadawalin ofishinku zai nuna, ɗakin wankan tururi na rukunin nan namu ne, ni da maiɗakina Sirkka, duk Asabar daga ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma, shekara talatin da ɗaya ke nan. Mukan hau benci na sama, ni a hagu ita a dama. Ita ke zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi don tururi ya tashi, ludayi uku. Ni ke bugun bayanta da damin ganye, sannan ta rama. Ba ma magana, domin ba wurin magana ba ne.

2. Ranar Asabar, 7 ga Satumba, ofishinku ya ba wani Tuomas Vesterinen izinin tara mutane a ɗakin taro da ke jikin ɗakin tururin, da ƙarfe shida daidai. Na san wannan Tuomas tun yana gyaran kekuna a bakin kasuwa. Ya je Indiya wata huɗu, ya dawo da farar riga da sabon suna, wai Pranab. Sirkka ta ce za ta leƙa sau ɗaya ta ga abin da ake yi. Yanzu Asabar tara ke nan ba ta gama leƙawar ba.

3. Sashe na 11 na dokar gidan nan ya hana amfani da ɗakin taro don ibada ko siyasa. Da wannan sashe aka kori matan nan masu waƙoƙin coci a 2009, suka fita da littattafansu suna harara. Na duba takardar da Tuomas ya cike, wadda ke manne a allon sanarwa, sai na ga ya rubuta "motsa jiki". Ranki ya daɗe, na shaida da idona cewa mutum goma sha huɗu sun zauna minti ashirin ba wanda ya motsa ko ɗan yatsa.

4. Domin kada a ce da jita-jita nake aiki, ranar 12 ga Oktoba na shiga da kaina a matsayin sabon ɗalibi. An ce in zo da furanni, da 'ya'yan itace, da farin hankici. Na kai dankali shida daga lambuna, da farin tawul ɗin wankana, da tukunyar furen da ke tagar kicin. Tuomas ya daɗe yana kallon dankalin, sannan ya jera shi a gaban hoton wani dattijo mai gemu har ƙirji. Ya kunna kyandir da turare, ya yi waƙa da wani yare na tsawon minti biyar, ya durƙusa. Na tambaye shi ko wannan ba ibada ba ce, ya ce a'a, godiya ce ga malaman da suka gabata. Na ce ni ma na yi malamai, amma ban taɓa kai wa hotonsu dankali ba. Har yau ba a dawo mini da tawul ɗin ba, ina roƙon a rubuta wannan daban.

Daga nan aka ce kowa ya rufe ido ya yi shiru. Na yi. Da aka tashi, Tuomas ya nuna ni a gaban jama'a, ya ce a dubi wannan dattijo, ya kai matakin da wasu kan yi shekara goma ba su kai ba. Ya tambaye ni tun yaushe nake wannan horo, na ce masa shekarata sittin da takwas. Gaskiyar magana, tunanin tayoyin mota na lokacin ƙanƙara nake yi, ko in sa su wannan mako ko in bari sai na gaba. In har wannan ne matakin, to duk wanda ke jiran bas a garin nan ya riga ya kai shi.

5. Akwai wata kalma da ake raɗa wa kowane ɗalibi a kunne, ya riƙa maimaita ta a zuci, kuma ba a faɗa wa kowa. Ni na ƙi karɓar tawa, domin ba na karɓar abin da ba a rubuce yake ba. Sirkka ta karɓi tata, ta kuma ƙi faɗa mini. Matar da ta san lambar sirrin katin bankina, ta san inda na ɓoye makullin rumfar kamun kifi! 'Yarmu ta aiko mini da alamomin ƙungiyar asiri daga garin Tampere, na bi su da fensir: shugaba mai sabon suna, akwai, sirri, akwai, raba mutum da iyalinsa, akwai, duk Asabar. Sai dai wajen tara dukiya ban same shi da komai ba, har yanzu tsohon kekensa yake hawa.

6. Ranar 19 ga Oktoba, maƙwabcina Aulis na gida C 3 ya ji tausayina ya raka ni wankan. Tun da muka zauna yake ba ni labarin gwiwarsa har muka fito. Ya zuba ludayi bakwai. Ba na neman a hukunta shi, amma ina so a san irin halin da aka jefa ni.

7. Adalci ya sa dole in ambaci cewa Sirkka na barci sosai yanzu, ciwon wuyanta ya lafa, ta kuma daina yi mini faɗa in na shigo da takalmi cikin falo. Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Ranar 23 ga Oktoba na taka dardumar da gangan, da laka, sai ta yi murmushi. Na ji tsoro ƙwarai.

8. Shekaranjiya Asabar, 2 ga Nuwamba, muna shan kofi da ƙarfe biyar da rabi, na yi ƙarfin hali na ce mata in dai shiru take nema, ai muna da shi a gida, ga ɗumi ma a kai. Ta ajiye kofinta ta ce: "Haba Reijo. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a gefenka ba ka taɓa cewa uffan ba. Ni na ɗauka ko ina nan ko ba na nan, duk ɗaya ne a wurinka. Can ko ba komai, in na makara sai wani ya ce ina Sirkka."

Na so in ba ta amsa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne lokacin wanka ya kusa. Ta ɗauki matashin da take zama a kansa a can ta sauka, ni ma na ɗauki bokitina na sauka. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Na zauna a hagu, na zuba ludayin da kaina, kuma ban san yadda mutum ke bugun bayansa da ganye shi kaɗai ba. Kewarta ta kama ni sosai, na fito tun kafin rabin lokaci.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinku:

(a) Ya yanke hukunci a rubuce. In addini ne, a yi aiki da sashe na 11 kamar yadda aka yi wa matan coci. In ba addini ba ne, to kalmar nan ba ta da wata alfarma, sai a umarci a faɗa mini ita.

(b) In ofishinku ya ga wannan tambaya ta fi ƙarfin manajar gidaje, abin da ni ma na fara zargi, to na janye sakin layi na (a) gaba ɗaya. Ba na son a kori kowa, domin ba zan so in zama sanadin dawowar ciwon wuyanta ba. A matsar da zaman nasu zuwa ƙarfe bakwai da kwata kawai. Ta riƙe kalmarta, ni ma zan riƙa ɗauko mata matashin.

(c) A aika da kwafin wannan takarda ta akwatin wasiƙa zuwa ga Uwargida Sirkka Kettunen, gida mai lamba B 14, a kuma ja mata layi a ƙarƙashin wannan jimla, kasancewar na gwada faɗinta da baki sau uku jiya abin ya gagara: ba ɗaya ba ne, Sirkka, ko sau ɗaya bai taɓa zama ɗaya ba.

Ina fatan samun amsa kafin ƙarfe shida na Asabar mai zuwa. Ki huta lafiya, ranki ya daɗe.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

Reijo Kettunen
Gida mai lamba B 14