Bokitin Nafkin a Bayan Mota

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Ƙullin ya iso. Direban da kika ba saƙon ya miƙo min yana tsiya wai me kika cusa a ciki haka, sai girma ba nauyi. Yaya, Allah ya saka da alheri. Na baje nafkin ɗin a kan gado ina ta dubawa, kowanne kin bi bakinsa da jan zare, kin ninka tsakiyar da tawul yadda zai sha ruwa. Har fil da wandon roba ba ki manta ba. Na san kekenki bai huta ba, ga ɗinkin mutane yana jiran ki. Na ba direban wannan takarda ya dawo miki da ita, don kin san ba na iya sakin baki a waya idan maigidana yana nan.

Babban labari shi ne 'yar taki Kumatu ta samu sauƙi. Kin tuna na gaya miki yadda cinyoyinta da ɗuwawunta suka saɓule jajir, ko ruwa ya taɓa sai ta sandare da kuka. Babu irin famfas ɗin da ba mu gwada ba. Nas ta ce ba laifin kowanne ba ne, fatar yarinyar ce ba ta son abin da zai rufe ta ruf. Daga fara ɗaura mata naki wurin ya soma bushewa, yanzu ko tabo babu.

Wanki kuwa ba a magana. A ɗauraye, a jiƙa, a cuɗa, a tafasa, a sake ɗaurayewa har sai ƙamshin sabulu ya fita, in ba haka ba ƙurajen su dawo. Ga hawa bene da ruwa, don famfonmu ba ya hawowa sama sai ya ga dama. Barandarmu ta koma shagon mai wanki da guga. Maƙwabciyata ta ƙasa har ta aiko wai shanyata tana ɗiga mata a kan kujeru. Baban Kumatu kam abin ya yi masa daɗi. Ranar nan ina ji yana gaya wa abokansa a falo, “Ai mu mun koma nafkin, shi ne lafiya.” Wai mu! Yaya, mutumin nan ko inda ake ajiye fil bai sani ba. Na dai cije leɓe na ajiye musu shayi.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne aiki. Hutuna ya kusa ƙarewa, Oga kuma ya ce injin yanka gilashi yana jira na zuwa ƙarshen wata, bayan nan ba zai iya yi min alkawari ba. Ke kika fi kowa sanin wuyar da na sha a shagon tabaran nan. Shekaru na yi ina shara da goge-goge kafin ya yarda na taɓa injin. Yanzu mutum ya kawo takardar likita, in auna, in yanka, in zaunar da gilashin a firam, ya saka ya ce, “Kai, ashe haka duniya take!” Ba abin da nake so irin wannan, kuma ba na son in rasa shi. To ga Anti mai gidan raino ta ce ita ba ta karɓar yaro mai nafkin. Gobe zan koma in roƙe ta, ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Direba ya ce ƙaramin naki ya yi zazzaɓi, da fatan ya warware.

Na koma shago. Anti ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce ita ba za ta ɗauraye kashin kowa ba, kuma ba zai kwanar mata a gida ba. In kai bokiti mai murfi kullum da safe, ta riƙa jefawa a ciki, da yamma a ɗauke shi tare da yarinya. Ban ga laifinta ba, yara ne fal a hannunta. Sai dai tana rufewa kafin mu rufe shago, Baban Kumatu kuwa yana tashi ofis da wuri, ga shi da mota. Da na kawo masa maganar sai ya ce, “Yarinya dai na ji. Amma bokitin kashi a motata?” Sai da na yi kwana biyu ko inda yake ba na kallo sannan ya amince. Ya shimfiɗa kwali a but ɗin motar, ya sayo turaren mota har kala-kala. Kuma ba shi ke ɗauka ba, Anti ce ke saka masa. In sun iso gida ya hau da yarinya, ya ajiye min makulli a kan tebur, in na dawo in sake sauka in ɗauko.

Hannuwana duk sun tsattsage da sabulu. Kin san injin da ruwa yake aiki, duk sanda ruwan ya shiga tsagar nan har tsakar kaina nake ji. Ranar nan na bar ɗigon jini a gilashin wani dattijo, na yi maza na goge. Oga ya gani, ya dai buɗe durowa ya miƙo min man shafawa.

Amma ya yi magana a kan makara. Damina ta sauka, nafkin ba ya bushewa, da safe sai na bi su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya kafin in samu na kaiwa. Ya ce, “Ina son aikinki, amma masu kaya ba sa jira.” Wata makaranta ce ta kawo mana aikin tabarau na ɗalibanta, dole mu gama kafin su tafi hutu.

Ranar Asabar na fita cefane, hadari ya haɗo, mutumin yana zaune a falo, ga baranda nan a gabansa. Na dawo na tarar da nafkin jagab a kan igiya, rigunansa kuwa an kwashe, suna kan kujera a bushe. Na tambaye shi, ya ce wallahi su kawai idonsa ya gani. Na yarda, Yaya. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, na san ba ƙarya yake ba.

Na gaji matuƙa, amma ina aikina, yarinya kuma lafiya lau. Kada ki gaya wa Mama zancen hannun.

A gaida kowa.

Taki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, kin kira na ƙi ɗauka don ban san ta inda zan fara ba.

Nafkin ɗinki sun tafi. Ranar Talata na dawo na ɗauki makulli na sauka, na buɗe but, ba bokiti, sai kwali. Ranar kuwa kusan duka na kai, don Kumatu tana haƙori, cikinta ya ɗan sake. 'Yan kaɗan da suka rage suna kan igiya ruwa yana dukansu. Na hau na tambaye shi, ya ce Anti ce ba ta saka ba.

Da safe na je wa matar nan da zafina. Na ce mata in ta gaji da mu ta faɗa, ba sai ta riƙe min kaya ba. Ta bar ni har na gama, a gaban iyayen yara, sannan ta ce, “Maman Kumatu, da hannuna na saka, shi ya rufe but ɗin. Ki koma gida ki tambaya.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dole na sayi famfas a kantin bakin hanya na ɗaura wa yarinya, na wuce shago a makare.

Da yamma na tsare shi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito da ita. Wai motar manajansu ce ta lalace, shi kuma ya yi karambanin cewa zai rage masa hanya. Suka biya ta gidan Anti tare, ta fito da bokiti ta saka a idon manajan. Suna cikin tafiya manajan ya ɗan sauke gilashin motar. Bai ce komai ba fa, gilashi kawai ya sauke. Shi ke nan Baban Kumatu ya tsaya wai zai duba taya, ya zagaya baya, ya ciro bokitin ya ajiye a gefen juji, da niyyar wai in ya sauke manaja ya dawo ya ɗauka. Manaja ya ce sai ya shiga ya sha ruwa. Da ya fito duhu ya yi, ya ce a ransa gobe. Ya ce min, “Ke ba za ki gane ba, mutunci ne.”

Na goya yarinya ya kwatanta min wurin, don ya ce shi ba zai iya komawa ba. Da na isa, wani ya riga ya ɗauke bokitin, ya juye kayan a kan shara, masu ƙona juji kuma sun saka wuta. Na tsaya da tsinke ina tono, masu shaguna suna kallona. Na ga jan zarenki a jikin wasu guntaye baƙi ƙirin. Guda biyu na samu da wuta ba ta ci sosai ba, su ma ina ɗagawa suka yage. Na yi kuka a wurin nan, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ragowar na igiya ba su isa yini ba, ga zawo, ga famfas. Kafin Juma'a fatar ta koma yadda take da, har ta fi, da ruwa-ruwa da zazzaɓi. Nas ta ce kada a ɗaura mata komai, a bar ta a buɗe tana shan iska har wurin ya kame. Anti ta ce ba za ta iya riƙe yarinya tsirara a cikin yara ba, kuma ko kallona ba ta yi ba da take faɗa. Na ce wa mutumin ya ɗauki hutu ko na kwana biyu ne mu raba. Ya ce a ofis ya ce musu me?

Ga ni nan a gida na shimfiɗa leda da tsohon zani a tsakar ɗaki, ina bin ta da tsumma. Na kira Oga na gaya masa. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Bai ce yana jira na ba.

Ki yafe min wahalarki da ta tafi a banza.

Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu saƙonki, na gode. Da fatan kowa lafiya. Don Allah kada ki sake hawa keke saboda ni, ki ji da bayanki.

Kumatu ta warke sarai. Ranar Litinin na bar ta wurin maƙwabciya na tafi shago. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar injin. Wata ce zaune a kujerata, ta ɗaga ta sama don ta fi ni gajarta. Ta iya aikin, na tsaya na duba hannunta, ban samu abin kushewa ba. Oga ya ja ni gefe ya ce makarantar ta matsa masa, ya ɗauko matar don ta taya shi, kuma ba zai iya korar ta ba bayan ta fitar da shi kunya. Ya ce in wani abu ya taso zai neme ni. Ya haɗa min kofina da rigar aikina a leda. Na yi masa godiya, don bai cuce ni ba.

Na dawo gida na gaya wa Baban Kumatu. Ya ce subhanallahi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari sai ga shi da dozin na nafkin sababbi daga kanti, farare tas, ya ajiye min a kan gado yana murmushi, yana jira in ce ya kyauta. Sai ya ce, “Ke ma kya huta da guje-guje. Kuma kin ga yanzu babu zancen bokiti a mota.” Na dube shi, na ga har zuciyarsa sauƙi yake ji. Ba na jin zan iya yafe masa wannan magana, ta fi min ƙonewar nafkin ɗin ciwo.

Yanzu shanya tana bushewa a kan lokaci, don ina tsaye a kanta. Maƙwabta suna yaba ni, wai ba su taɓa ganin nafkin mai haske irin nawa ba.

Akwai abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke. Jiya ina canza wa Kumatu, fil a bakina, ta kama yatsana ta ƙyalƙyale min da dariya. Yaya, na kasa mayar mata. Na tsaya ina kallon ta ina tuna injina. Ta yi ta dariya tana jira, da ta ga ban yi ba sai ta daina, ta zuba min ido. Ita ba ta yi min komai ba. Ina jin tsoron kaina, ki zo ko na kwana biyu ne.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Auta